Gyaran Jerin Haƙora: Ƙarfe Ko Tangaran?

Shugaban taro, malamanmu na da, 'yan uwa tsofaffin ɗalibai, ina yi mana barka da sake saduwa.

Da sakatare ya ce in yi magana a kan sana'ata, na so in ɗauko ciwon noma, wanda Sakkwato ke da asibitin yara na musamman dominsa tun 1999. Amma tun jiya mutum huɗu suka ja ni gefe da tambaya iri ɗaya: "Likita, wannan waya da ake sa wa yara a haƙori, wace iri ce ta fi?" To, bari in amsa wa kowa a lokaci guda.

Aikin dai ba tsafi ba ne. Ana liƙa wa kowane haƙori ɗan maɓalli, a zura siririyar waya a cikinsu. Wayar tana turin haƙori a hankali, ƙashin da ke gabansa yana narkewa, sabo yana tohowa a bayansa. Shi ya sa ba a gaggawa. Galibi akan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Maɓallan nan akwai na ƙarfe, akwai na tangaran. Na tangaran sun fito ne a Amurka wajen 1987. Launinsu kamar na haƙori ne, sai mutum ya matso zai gan su, don haka 'yan mata da ma'aikatan ofis suka fi son su. Sai dai sun fi tsada, sun fi saurin fashewa, kuma sun fi ɓawon haƙori tauri, har idan an sa su a ƙasa suna iya cinye haƙoran sama da ke goga su. Yaro mai ƙiriniya, ni ƙarfe nake zaɓa masa. A wajen daidaita haƙori, tangaran bai fi ƙarfe da komai ba.

Wushirya kuwa, don Allah a ƙyale ta. Turawa na rufe ta, mu a wurinmu ado ce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Akwai 'yar ƙanwata a Kurawa da haƙoranta na gaba suka turo waje, har ta daina dariya a aji. Aka kai ta birni aka sa mata na tangaran, ta dawo tana murna. Ba wanda ya zauna ya lissafa cewa kowane mako huɗu zuwa takwas sai likita ya gan ta. Kun san halin da hanyoyin Sabon Birni da Isa suka shiga a 2021. Wata bakwai ba ta fita ba. Da na duba bakinta, maɓalli biyu sun cire, waya na sukar kumatu, dasashi ya kumbura, ga fararen tabo a haƙora, watau farkon ruɓewa. Kafin a koma kan gyara sai da muka yi jinyar abin da gyaran ya jawo. Laifin har da ni, domin ni ne kawunta likita, kuma ban tambaya ba.

Saboda haka kafin kuɗin aiki, a fara lissafa kuɗin mota da lafiyar hanya. A tambayi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Malam Aminu Kano, a sami ƙwararre, a ɗauki hoton muƙamuƙi tukuna. Masu liƙa waya a shago don ƙawa, a guje su.

Wanda aka sa wa, ya yi ban kwana da rake, aya, goriba, ƙuliƙuli da tauna ƙashi. Kilishi ma sai an yayyaga ƙanana. Goro da shayi da miyar manja kan rina 'yan robobin da ke riƙe wayar, farin da aka saya da tsada ya koma ja. Asuwaki sunna ce, a ci gaba da shi a hankali, amma ba ya shiga ƙarƙashin waya. A haɗa da buroshi mai laushi da makilin bayan kowane cin abinci. Ranar da aka cire kuma ba a gama ba: akwai robar da ake sawa da dare, in an yar da ita haƙora su koma gidan jiya.

Bayan sallar Azahar zan zauna a tsohon ajinmu na kusa da ɗakin karatu. Wanda ya zo da ɗansa ya kawo shi in duba, ba ko sisi.