Ƙwaya da Magana ga Mai Ciwon Ƙwaƙwalwa

Ya ƴan'uwa masu saurarenmu a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, akwai abin da muke gani duk shekara idan azumi ya kama. Bawan Allah yana kan ƙwayar da likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora shi, barci ya dawo, har ya koma kasuwa. Sai dangi su ce wata mai alfarma ya zo, a ajiye ƙwaya, ruƙiyya da nasiha sun isa. Kafin Salla sai mu ji an ɗaure shi a ɗaki.

Wannan ba tawakkali ba ne. Imamu Buhari ya ruwaito cewa Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, idan aka yi rashi a danginta, bayan masu ta'aziyya sun watse, takan sa a dama talbina, wani kunu mai laushi, domin ta ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa tana sanyaya zuciyar majinyaci, tana rage baƙin ciki. Ku duba: an yi ta'aziyya da baki, kuma an ba ciki abin sha. Ba a ce ɗaya ya wadatar ba.

Ƙwaya tana kwantar da firgita da muryoyin da majinyaci yake ji, wata ma sai ta yi makonni kafin a ga aikinta, kuma yanke ta farat ɗaya yana iya dawo da ciwon. Amma ƙwaya ba ta san bashin da ya hana shi barci ba, ba ta san ɗan da ya binne ba. Wannan sai an zauna da shi, likita ko wani mai hankali da amana, a saurare shi mako bayan mako. Mu malamai, mu faɗi gaskiya, mun fi iya wa'azi da saurare.

Allah ya yi wa maras lafiya rangwame cikin Suratul Baƙara, ya sha ya rama, kuma malamanmu na Malikiyya sun wajabta shan azumi ga mai tsoron cuta mai tsanani. Saboda haka ku koma asibiti ku tambaya: in ana iya mayar da ƙwayar sahur da buɗa-baki, to; in ba a iyawa, ya sha da rana, kada wani ya goranta masa.