Ajiya da Nemowa: Yadda Za Mu Mallaki Akwatin Wasiƙunmu na Imel

Jawabin da aka gabatar a zauren taron ƙungiyar ɗalibai, a makon karɓar sababbin ɗalibai.



Da farko muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu dama mu tsaya a gabanku yau, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi mu ilmi da shekaru a cikin zauren nan. Abin da za mu yi magana a kansa ƙarami ne a ido, watau yadda mutum zai nemo wasiƙa a cikin akwatinsa na imel, da yadda zai tace masu shigowa. Amma kafin wani ya ce wannan bai isa a tara jama'a dominsa ba, bari mu ba ku labarin abin da ya sami wani ɗan ajinmu bara.

Wannan ɗan'uwa namu ya nemi tallafin karatu a wata hukuma. Ya cika takardu, ya aika, ya zauna jira har wata biyu, daga bisani ya fid da rai. Ran nan sai wani abokinsa ya tambaye shi abin da ya hana shi zuwa ganawar da aka kira su. Hankalinsa ya tashi, ya ɗauko waya yana ta jan wasiƙu da yatsa, dubbai ga su nan ba a buɗe ba, na banki da na 'yan talla da na dandalin zumunta. Sai da dare ya raba ya ga takardar gayyatar, tana kwance a akwatin wasiƙun tarkace, ranar ganawa kuwa ta wuce da kwana tara. Hukumar ta yi nata, na'ura ta ajiye. Rashin sani, wanda ya fi dare duhu, shi ya raba shi da rabonsa.

Iyayenmu da suka yi aikin ofis sun san darajar magatakardan rajista. Shi ne mai karɓar kowace wasiƙa, ya buga mata hatimin rana, ya sa ta a fayil mai lamba, in babban sakatare ya nema ya fito da ita nan take. A yau kowannenmu shi ne magatakardan kansa, ko ya so ko ya ƙi. Tun 1971 Ray Tomlinson, wani injiniya a Amurka, ya aika da wasiƙa daga wata kwamfuta zuwa wata, yana amfani da alamar @ da muke gani a kowane adireshi. Ran 1 ga Afrilu 2004 kamfanin Google ya fito da Gmail, ya ba kowa wurin ajiya na gigabait 1, abin da ya ninka na sauran kamfanoni nesa ba kusa ba. Tun daga lokacin mutane suka rage share wasiƙu, aka koma tarawa. To, ajiya maganin wata rana ce, amma fa ga wanda ya san inda ya ajiye.

A saman kowane akwatin imel akwai gurbin bincike. Yawancinmu kalma ɗaya muke jefawa ciki, mu sami ɗaruruwan wasiƙu, mu gaji mu bari. Alhali kuwa akwai waɗansu kalmomi na musamman, mu kira su mabuɗai, da ke gaya wa na'ura daidai inda za ta duba. Za mu kawo misalai daga Gmail domin shi ne mafi yawanmu ke amfani da shi, mun kuma rubuta su a kan allo don masu kwafa. Ƙa'idarsu ɗaya ce: a rubuta mabuɗi, a sa ruwa biyu, a bi shi da abin da ake nema ba tare da barin fili ba.

Na farko su ne masu tambayar wa ya aiko, wa aka aika wa, da mene ne kan magana. In muka rubuta from:bursary, sai wasiƙun da suka fito daga mai wannan suna ko adireshi kaɗai su bayyana. To: kuwa yana fito da waɗanda aka aika wa wani, subject: ya duba kan wasiƙa kawai, ya ƙyale cikinta. Wanda ke neman rasidin kuɗin makaranta sai ya ƙara has:attachment, watau wasiƙar da aka maƙala mata takarda, ko filename:pdf in ya tuna irin takardar.

Na biyu su ne na lokaci. After:2024/01/01 before:2024/04/01 zai kawo wasiƙun wata uku na farkon 2024. A lura, shekara ake farawa da ita, sannan wata, sannan rana. Wanda ya fara da rana yadda muka saba a takardunmu, yana iya samun abin da bai nema ba. In kuwa ba mu tuna rana ba, newer_than:7d na nufin kwana bakwai da suka wuce, older_than:1y kuma abin da ya haura shekara.

Na uku shi ne wanda da ɗan'uwanmu ya san shi da bai yi hasara ba. Binciken yau da kullum ba ya leƙa akwatin tarkace, ba ya leƙa kwandon shara. Sai an rubuta in:anywhere kāna ya duba ko'ina, ko in:spam don akwatin tarkace shi kaɗai. Kuma tilas a yi hanzari, domin abin da ya kwana 30 a waɗannan wurare biyu share shi ake yi har abada. Saboda haka duk wanda ke jiran amsar neman aiki, ko gurbin karatu, ko tallafi, ya wajaba ya riƙa yin wannan bincike ko da sau ɗaya a mako.

Daɗin abin shi ne ana haɗa mabuɗan nan a layi guda. Fili tsakanin biyu yana nufin a cika sharuɗɗan duka. Kalmar OR, da manyan baƙaƙe, tana nufin ko wannan ko wancan. Alamar ɗebewa a jikin kalma tana fid da ita daga lissafi, alamar zancen wani kuma tana sa a nemo jimla daidai yadda aka rubuta ta. Ɗaliban lissafi za su gane wannan tsari, domin shi ne wanda George Boole, Baturen Ingila, ya shimfiɗa a littafinsa na 1854 a kan ƙa'idojin tunani: da, ko, banda. Ga misali cikakke:

from:registrar subject:result after:2025/01/01 has:attachment -reminder

Ma'anarsa, a kawo wasiƙun ofishin magatakarda masu maganar sakamako a kansu, daga farkon 2025, masu ɗauke da takarda, banda na tunatarwa. Aikin da zai ci awa guda ya ƙare kafin a ƙifta ido. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa. Wani yakan rubuta ƙungiya da ƙa mai lanƙwasa, wani ya rubuta kungiya domin wayarsa ba ta da harafin. Kada mu dogara cewa na'ura za ta ɗauke su kalma guda. Mu rubuta ƙungiya OR kungiya, mu huta.

Haka kuma mabuɗan suna maganin cikar akwati. A 2013 Google ya haɗa wurin ajiyar wasiƙu da na takardu da na hotuna ya zama gigabait 15, in ya cika kuwa sabuwar wasiƙa ba ta shiga. Maimakon share ƙananan wasiƙu ɗaya bayan ɗaya, a rubuta larger:10M older_than:1y, manyan da suka tsufa su fito, a duba, a zubar da marasa amfani.

Yanzu sai mu zo ga tacewa. Duk binciken da muka ga ya yi daidai, ana iya mai da shi rariya ta dindindin. A gefen gurbin bincike, a kan kwamfuta, akwai wurin da ake ba da wannan umurni, sannan a zaɓi abin da za a yi wa kowace wasiƙa mai irin wannan siffa in ta iso: a sa mata lakabi, a sa mata tauraro, a wuce da ita ma'ajiya ba tare da ta tsaya a akwatin shiga ba, ko a hana jefa ta cikin tarkace har abada. Wannan na ƙarshe shi ya kamata kowane ɗalibi ya yi wa adireshin sashensa, da na malamin da ke duba aikin bincikensa, da na duk hukumar da yake jiran amsarta. Rariya magatakarda ce da ba ta barci, amma ba ta da hankalin kanta, abin da aka gaya mata shi take yi. Don haka muna ba da shawara biyu. A fara gwada binciken a ga abin da ya kamo kafin a mai da shi rariya. Kuma a guji ba ta umurnin sharewa sai an tabbata, domin wanda ya ce a share duk wasiƙa mai kalmar offer don ya huta da 'yan talla, wata rana takardar ɗaukarsa aiki za ta bi su kwandon shara.

Ga yayyenmu ma'aikata, da mu da ke fatan bin sawunsu, maganar ta wuce ta amfanin kai. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta Nijeriya, ta 2011, ta ɗora wa hukumomin gwamnati nauyin tsara bayanansu da adana su, ta kuma ba su kwana 7 su amsa wa mai neman bayani. Ma'aikacin da ba ya iya fito da wasiƙar bara, yaya zai cika wannan sharaɗi? Bayan kowace wasiƙar da ta ɓace a ofis akwai mutum: tsoho mai jiran fansho, ɗan kwangila mai jiran biya, gwauruwa mai bin haƙƙin mijinta. A da akan ce fayil ya ɓata, a ɗora laifin a kan gara ko masinja. Yau wasiƙar tana nan daram a cikin na'ura, uzurin ya ƙare. Masu amfani da Outlook a ofisoshinsu za su tarar from: da subject: suna aiki a can ma, ko da yake waɗansu mabuɗan sun sha bamban.

A ƙarshe muna roƙon kowa ya yi abu uku kafin ya kwanta yau. Ya rubuta in:spam ya ga abin da ke ciki. Ya rubuta is:unread newer_than:30d ya karanta abin da ya wuce shi a watan nan. Sannan ya kafa rariya ɗaya tak domin adireshin da ya fi muhimmanci a gare shi. Wanda ya iya kuma ya koya wa na kusa da shi a ɗakin kwana, domin ɗan'uwan nan namu da kansa ya roƙe mu mu ba da labarinsa, kada abin da ya same shi ya sami wani.

 Kurakuran da muka yi a gafarce mu, malamanmu su gyara mana. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.