Adireshin Fili da Adireshin Cikin Gida: Yadda Ƙarancin Lambobi Ya Raba Intanet Gida Biyu

Duk na'urar da ke aikawa da saƙo ko karɓarsa ta intanet tana buƙatar wata lamba da za a gane ta da ita, wadda ake kira adireshin IP, wato lambar da ƙa'idar sadarwa ta intanet ta tanada domin a san inda saƙo ya fito da inda ya dosa. Tsarin da ya fi yaɗuwa har yanzu shi ne IPv4, wanda aka tsara a 1981, kuma a cikinsa ana rubuta adireshi da rukunin lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowane rukuni daga 0 zuwa 255. Iyakar abin da tsarin zai iya samarwa adireshi kusan biliyan 4.3 ne, adadin da ya yi kama da ba zai ƙare ba a lokacin da masu amfani da hanyar galibinsu jami'o'i ne da cibiyoyin bincike na Amurka. Wannan takarda tana bayyana cewa rabuwar adireshi zuwa na fili da na cikin gida ta samo asali ne daga ƙarancin waɗannan lambobi, kuma nauyin ƙarancin ya fi faɗawa kan yankunan da suka shiga intanet a makare.

Adireshin fili shi ne wanda babu irinsa a duk duniya, don haka saƙon da aka aika masa daga ko'ina zai iso gare shi. Hukumar IANA ce ke riƙe da rumbun waɗannan lambobi, tana raba su ga hukumomin yankuna biyar, su kuma su miƙa wa kamfanonin sadarwa da manyan cibiyoyi. Ta Afirka ita ce AFRINIC, mai hedikwata a tsibirin Morishas, wadda ba ta samu cikakkiyar amincewa ba sai a 2005, bayan an riga an yi watanda da babban kaso na rumbun. A shekarun farko an yi rabon ne hannu sake, har kamfanoni irin su Apple da Ford kowanne ya samu adireshi sama da miliyan 16 shi kaɗai. IANA ta raba ragowar abin da ke hannunta a watan Fabrairu na 2011, AFRINIC kuma ta fara taƙaita rabo tun daga 2017.

Adireshin cikin gida kuwa lamba ce da aka keɓe don amfani a cikin ƙaramar hanyar sadarwa ta gida ko ofis ko makaranta, kuma manyan hanyoyin intanet ba sa ɗaukar saƙon da ke ɗauke da ita. Wata takardar ƙa'ida mai suna RFC 1918, wadda ta fito a 1996, ta ware rukuni uku don wannan aiki: lambobin da suka fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Hikimar da ke ciki ita ce ana iya maimaita su ba iyaka, ta yadda kwamfutar wani ofis a Zariya da wayar wani ɗalibi a Maraɗi za su iya ɗaukar lamba 192.168.1.5 a lokaci guda ba tare da saɓani ba, tun da lambar ba ta fita daga inda aka ba da ita.

Abin da ke haɗa ɓangarorin biyu dabara ce da ake kira NAT, wato sauya adireshi a bakin hanya, kuma rauta ce ke gudanar da ita, wato na'urar da ke rarraba intanet ga wayoyi da kwamfutocin wuri ɗaya. Idan waya ta nemi wani shafi, rauta tana cire adireshin cikin gida daga saƙon ta liƙa nata na fili, sannan ta rubuta a wani jadawali cewa wannan buƙata ta fita ta mashiga mai lamba kaza, domin idan amsa ta dawo ta san wayar da za ta miƙa wa. Lamarin ya yi kama da gida mai zaure ɗaya, inda baƙo ya san ƙofar gidan amma bai san ɗakunan ciki ba, sai wanda ke zaure ya isar da saƙonsa. Saƙon da ya zo daga waje ba tare da wani na ciki ya neme shi ba, ba shi da gurbi a jadawalin, don haka ana watsar da shi. Daga nan ne mutane da yawa suka ɗauka cewa adireshin cikin gida kariya ce, alhali kuwa wannan fahimta tana da rauni, domin muguwar manhajar da mai waya ya sauke da hannunsa tana buɗe hanya ne daga ciki, kuma NAT ba ta tambayar abin da ke fita.

Inda batun ya fi shafar al'ummar Hausawa shi ne wayar hannu, tun da ita ce babbar hanyar shiga intanet a Nijeriya da Nijar. Kamfanonin waya ba su da adireshin filin da zai wadaci miliyoyin layuka, saboda haka suna gudanar da NAT a matakin kamfani, inda masu layi da yawa ke fita ta adireshin fili guda. A 2012 ma an ware wani rukuni da ya fara daga 100.64 musamman don wannan. Ɗan kasuwar da ya sanya kyamarar tsaro a shagonsa na Kantin Kwari, ya haɗa ta da rauta mai amfani da layin waya, sau da yawa yakan tarar ba zai iya kallonta kai tsaye daga gida ba ko da mai gyara ya buɗe mashiga a rautar, domin akwai wani shinge na biyu a wajen kamfani wanda ba shi da iko a kansa. Mafitarsa ita ce ya biya kuɗin adireshin fili tsayayye idan kamfanin na sayarwa, ko kuma hotunan shagonsa su bi ta kwamfutocin kamfanin da ya ƙera kyamarar, waɗanda galibi suna wata nahiya.

Akwai kuma matsalar shaida, wadda ta cancanci kulawar lauyoyi da masu bincike. Adireshin fili shi kaɗai ba ya nuna mutum guda, sai an haɗa shi da lambar mashiga da ainihin lokacin da saƙon ya fita, sannan a duba bayanan da kamfani ya adana. Haka nan idan wani shafi ya toshe adireshi saboda laifin mutum ɗaya, hukuncin yana hawa kan duk waɗanda ke fita ta wannan adireshi.

Tsarin IPv6, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 1998 kuma manyan kamfanoni suka kunna shi dindindin a watan Yuni na 2012, yana da lambobin da suka isa kowace na'ura ta samu adireshin fili nata. Karɓuwarsa a Afirka ta Yamma tana tafiyar hawainiya, domin sauya kayan aiki da horar da ma'aikata suna cin kuɗi, kuma kamfanin da NAT ke biya wa buƙata ba ya ganin dalilin gaggawa. Jami'o'i da ma'aikatun gwamnati, waɗanda ke sayen intanet da yawa, suna da damar sanya IPv6 cikin sharuɗɗan kwangilar da suke ƙullawa da kamfanonin sadarwa.