KA SHA, KA BAR WA NA BAYA

Karatu: Ezekiyel 34:17-24, Farawa 1:20-23

 Ko kuna gida, ko kuna shago, ko kuna wurin da gudun hijira ya kai ku kun kewaye rediyo ɗaya, Allah ya san inda kuke. Daga Maiduguri nake magana da ku. Yau za mu yi tunani a kan ruwa, da kifin da ke cikinsa, da abin da Allah zai tambaye mu a kansu.

In kana da Littafi Mai Tsarki kusa, buɗe Ezekiyel sura 34, ka sa yaro ya karanta daga aya 17 zuwa 24. A nan Allah yana magana da garkensa. Ya ga waɗansu tumaki masu ƙiba sukan riga sauran zuwa makiyaya. Su ci ciyawa mai kyau, wadda ta rage kuma su tattake ta. Su iso mashaya su sha ruwa yana garau, in sun ƙoshi su shiga ciki da ƙafafu su dama shi da laka. Ramammu da gajiyayyu su iso daga baya, su tarar da taɓo. Allah ya ce shi da kansa zai yi shari'a tsakanin tunkiya da tunkiya.

Ezekiyel ya faɗi wannan ga mutanen Isra'ila a lokacin bautar Babila, a kan masu ƙarfi da ke danne marasa ƙarfi. Amma ku lura da misalin da Allah ya zaɓa. Bai yi fushi don tunkiya ta sha ruwa ba. Shi ne ya ba da ruwan domin a sha. Laifinta shi ne ta ɓata wa na baya.

Mu a Borno mun san wannan mashaya. Sunanta Tafkin Chadi. Ba mu da teku a nan, tafkin nan shi ne tekunmu. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, yana taɓa Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Yawancin ruwansa, kamar kashi tara cikin goma, yana zuwa ne daga kogin Shari da na Logon, daga kudu. Kogin Yobe yana ƙara nasa kaɗan. Tafkin ba shi da zurfi, kamar faranti yake, shi ya sa in damina ta gaza sai bakinsa ya ja baya da nisa. Da aka yi fari a 1972 da 1973 ya rabu gida biyu. Farin 1983 da 1984 ya ƙara matse shi, har ruwan da ake gani bai kai kashi ɗaya cikin goma na dā ba. Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa. Tafkin bai mutu ba, godiya ga Allah, amma bai koma yadda kakanninmu suka san shi ba.

To, mene ne darajar wannan ruwa? Bari mu ƙirga, gama abin da mutum bai ƙirga ba yakan raina shi.

Akwai kifi: tarwaɗa, karfasa, bargi, giwan ruwa. Daga Baga da Doron Baga ake ƙyafe shi a yi banda, a kawo kasuwar kifi ta hanyar Baga a nan Maiduguri, manyan motoci su kwasa zuwa Onitsha da Enugu da Legas. Kafin kifi ɗaya ya shiga tukunyarki, uwargida, ya ciyar da masunci, da mai sassaƙa jirgi, da mai saƙa koma, da mai itace, da mai ƙyafewa, da ɗan dako, da direba. Akwai noma: in ruwa ya janye yakan bar ƙasa mai laima, a shuka masara da wake ba taki ba ban ruwa. Akwai kiwo: shanun Buduma masu manyan ƙaho suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri suna neman ciyawa. Akwai ciyayin bakin ruwa, waɗanda mai wucewa zai ce banza ne, alhali a cikinsu kifi yake yin ƙwai, a cikinsu 'ya'yansa suke ɓuya har su girma. Duk wannan ba wanda ya biya Allah ko kwabo.

Akwai wani abin da ya faru a kogin Yobe da ya kamata mu sani. Ruwansa yana fitowa daga kogin Haɗeja da na Jama'are, ya bazu a fadamar Haɗeja da Nguru, sa'an nan ya wuce Gashuwa da Gaidam zuwa tafki. An gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, domin noman rani da ruwan sha a Kano. Aikin yana da amfani, ba a musu. Amma ambaliyar da takan cika fadama kowace shekara ta ragu. A farkon shekarun 1990 masana suka zauna suka yi lissafi. Suka haɗa shinkafa da kifi da itacen da fadama take bayarwa, suka gwada da amfanin gonakin da aka tare ruwan dominsu. Suka tarar ruwan da aka bari ya bi hanyarsa ya cika fadama yana kawo amfani ninki da yawa fiye da ruwa mai yawan haka da aka juya zuwa manyan gonakin. A dā ana cewa ruwan fadama asara ne, don amfaninsa yana warwatse a hannun talakawa, ba ya shiga littafin kowa. Allah kuwa ya rubuta shi a nasa littafin.

Tun daga Farawa sura 1 muke ganin haka. A rana ta biyar Allah ya cika ruwaye da masu rai, ya ga yana da kyau, ya sa musu albarka su hayayyafa. Ku duba da kyau, albarka ta fari da aka ambata cikin Littafi Mai Tsarki a kan kifaye da tsuntsaye ta sauka, tun ba a yi Adamu ba. Da Allah ya sa mutum a gonar Aidan, aiki biyu ya ba shi: ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mu mun riƙe na fari, mun saki na biyu.

Yaya muke dama ruwa a yau? Zan faɗi uku.

Na ɗaya, guba. Akwai masu zuba maganin ƙwari, irin su Gamalin, a cikin kududdufi ko rafi, kifi ya taso ciki sama, su kwasa. Babba ya mutu, ƙarami ya mutu, ƙwai ya mutu. Kifin nan kuma mutane za su ci, ruwan nan mace za ta ɗiba a ƙasa ta ba jariri. Dokar kamun kifi ta Nijeriya ta 1992 ta hana guba da nakiya. Ko da ba doka, Kirista ya san ba zai ƙaunaci maƙwabcinsa yana zuba masa guba a randa ba.

Na biyu, koma mai ƙananan idanu. An raba gidan sauro domin yara su tsira daga zazzaɓi, sai waɗansu suka mai da shi abin su. Gidan sauro ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. A Maimaitawar Shari'a 22:6-7 Allah ya hana mutanensa ɗaukar uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta daga sheƙa, ya kuma haɗa wannan ƙaramar doka da alkawarin tsawon rai. Dalilin a fili yake. Wanda ya kwashe iri duka, baɗi ba shi da abin kamawa. Kakanninmu sun san wannan. A wurare da yawa Sarkin Ruwa yakan rufe ruwa na waɗansu watanni, ba mai taɓawa sai ranar da aka buɗe.

Kada wani ya ce ruwa yana da yawa, kifi ba ya ƙarewa. A ƙasar Kanada, a bakin babban tekun Atlantika, an yi kusan shekara 500 ana kama wani kifi da ake kira kod. Da manyan jirage na zamani suka zo suka share shi, a 1992 dole gwamnati ta rufe kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa aiki. Sai a 2024 aka sake buɗewa, shi ma kaɗan. In teku ya iya ƙarewa, ina ga tafki?

Na uku ya shafe mu mazauna gari, waɗanda ba mu taɓa riƙe koma ba. Kogin Ngadda ya ratsa tsakiyar Maiduguri ya tafi fadamar Jere inda ake noman shinkafa. Me muke zuba masa? Leda, robar ruwa, baƙin mai, sharar gida. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle da dare, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Litinin da fadar Shehu da unguwanni masu yawa. Mutane sun mutu, dubbai sun rasa gidaje. Ba ledar kowa ce ta fasa madatsa ba, ba na kuma cewa wanda ruwa ya ci ya fi wani zunubi. Amma mun ga da idonmu yadda magudanar da muka toshe da shara ta riƙe ruwa a ƙofar gidajenmu, da yadda ruwa ya nemi tsohuwar hanyarsa inda aka yi gini a kanta.

Ku da kuke saurare daga Biu da Garkiɗa, kogin Hawul yana shiga Gongola, Gongola ya shiga Binuwai a Numan, Binuwai ya haɗu da Kwara a Lokoja, daga nan sai teku. Ku na Mubi da Uba da Lassa, kogin Yedseram yana gangarowa arewa ta Bama zuwa wajen tafki. Duk inda kake, akwai wanda yake ƙasa da kai a bakin ruwa. Shi ne tunkiyar da za ta iso daga baya.

Na san abin da wani zai ce. Wani dattijo ya faɗa mini shi a fuska. Masunci ne, ya gudo daga Baga lokacin harin Janairu na 2015, da matarsa da jikoki, ba jirgi ba koma. Bayan sujada ya ce mini, “Malam, wa'azinka na mai ƙoshi ne. In jikana yana kuka da dare, gidan sauro kuwa shi kaɗai ke hannuna, kifin baɗi zan ba shi?”

Na ce, “Baba, gaskiyarka. Ban isa in jefe ka da dutse ba.”

Na daɗe ina tunanin maganarsa. Sai na ga a Ezekiyel 34 ba ramammiyar tunkiya Allah ya fara tuhuma ba. Mai ƙiba ya tuhuma, mai ture sauran da kafaɗa da ƙaho. A yau shi ne mai kuɗin da yake datse hanyar kifi gaba ɗaya da shingen tarko. Shi ne ɗan kasuwa mai sayen kifin guba yana sane, don ya fi araha. Shi ne mai ba masunci bashi da sharaɗin da zai sa dole ya kwashe komai kafin ya biya. Mu ma ikkilisiya muna ciki, in muka ce wa mai yunwa ya bar ƙananan kifi ba mu sa hannu a aljihu ba. In zumuntar mata da ta maza za su iya tara kuɗin fentin majami'a, za su iya saya wa ɗan'uwa koma mai manyan idanu.

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Tun 1964 ƙasashe huɗu na bakin tafkin suka kafa Hukumar Tafkin Chadi, don sun gane ruwa bai san iyakar ƙasa ba. Haka ma bai san addini ba. Kanuri da Buduma da Shuwa da Bahaushe da Jukun, Musulmi da Kirista, mashaya ɗaya ce. Daga 2020 mutane sun fara komawa Baga. Bari 'yan'uwanmu da suke komawa su zama waɗanda za a ce, kifin wane ba guba, komarsa ba ta cin 'ya'ya. Wannan ma shaidar bishara ce.

Ezekiyel bai ƙare da shari'a ba. A aya 23 Allah ya yi alkawarin makiyayi ɗaya daga gidan Dawuda. Yesu ne, makiyayi mai kyau na Yohanna sura 10. Mu duka mun dama ruwa, gama zuciyar da take cewa in na ƙoshi shi ke nan, ita ce zunubi. Yesu kuwa ya ji ƙishi a kan gicciye domin mu sha ruwan rai kyauta. Wanda ya sha daga wurinsa yakan fara tunawa da na baya. In ba ka karɓe shi ba tukuna, yau ce ranarka. In ka karɓe shi, bari a gani a bakin rafi.

Mu yi addu'a.

Ya Uba, Mahaliccin teku da tafki da rafi, mun gode maka domin ruwa da abin da ke cikinsa. Ka gafarta mana inda muka sha muka ɓata. Ka tuna da masunta da manoma da makiyaya na bakin Tafkin Chadi. Ka ta'azantar da waɗanda suka rasa nasu cikin rikici da ambaliya, ka maido salama a ƙasarmu. Ka ba shugabanninmu tsoronka. Ka koya mana mu bar wa 'ya'yanmu ruwa mai tsabta. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Domin tattaunawa a iyali:
1. Ina sharar gidanmu take zuwa in an yi ruwan sama?
2. Su wane ne suke shan ruwa a ƙasa da mu?
3. Wane ɗan'uwa ne talauci yake tura shi ga ɓarna, me kuma za mu yi masa a wannan wata?

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya bar mu da rai. Ku zauna cikin salamarsa.