Salular da aka ce ba ta tsoron ruwa: ku san iyakarta kafin ku biya

 

Tun da aka rufe gadar Malanbil da Gaya a shekarar 2023, da yawa daga cikinmu a kwale-kwale muke ƙetare Kwara, ga salula a aljihu. Cikinta kuwa akwai lambar dillali, akwai lissafin bashi, akwai kuɗin MoMo. Shi ya sa hankali ya koma kan manyan wayoyin nan masu jikin roba, irin su Blackview da Ulefone, waɗanda ake cewa ruwa ba ya cin su. To, gaskiya ne, amma da iyaka.

Ku dubi kwalin, za ku ga an rubuta IP67 ko IP68. Shidan nan na farko yana nufin ƙura ba ta shiga, ko da ta hunturu ce. Bakwai yana nufin za ta jure nutsewa a zurfin mita 1 na minti 30. Takwas ya ɗara haka, gwargwadon abin da kamfani ya faɗa. Amma fa a ruwa mai tsabta, wanda ba ya motsi, aka gwada ta. Kwara kuwa gudu yake, ga laka, ga zurfi. Kuma wayar nauyi gare ta. In ta suɓuce a tsakiyar kogi, sai ƙasa. Don haka ka zaɓi mai hujin ɗaura igiya, ka rataya ta a wuya.

Abin da ke tare ruwan ba wani asiri ba ne. Siririyar roba ce da danƙo a gefunan wayar, da murfi a bakin caji da wurin sim. Ka bar murfin nan a buɗe, aikin banza ne. Zafin bazara yana busar da robar, faɗuwa tana kwance ta. Ranar da mai gyara ya buɗe bayanta kuma, kada ka ƙara amincewa da ita cikin ruwa. Kamfanoni da yawa ma ba sa biyan ɓarnar ruwa a garantinsu.

Kai makiyayi mai kwana uku a daji, dubi batir: ya kai mAh 5000 ko fiye. Kai mai ƙetare iyaka, nemi mai sim biyu, ɗaya na Benin, ɗaya na Nijar ko Najeriya. Kafin ka miƙa kuɗi, danna *#06#, ka gwada lambar da ta fito da ta jikin kwali. In sun saɓa, ajiye musu kayansu. Araha ba ta ado.

In ruwa ya shige ta, kashe ta nan take, cire sim, kada ka sa caji, kada ka kai ta bakin wuta. Shanya ta a inuwa, sannan ka kai wa mai gyara.

Abu na ƙarshe, jama'a: kuɗinku na kan layi ne, ba cikin ƙarfen wayar ba. Ku yi rajistar sim da sunanku da katinku, don in kogi ya ci wayar, a maido muku da lambar. Manyan basussuka kuma a rubuta a takarda, a bari gida.

Allah Ya tsare hanya, Ya albarkaci garke da kasuwa. Sai mako mai zuwa.