Bindigar da Ke Cijewa a Fagen Fama



Sa'ad da Amurka ta raba wa sojojinta bindigar M16 a yaƙin Biyetnam, sai ta riƙa cijewa ana tsakiyar ɗauki-ba-daɗi, har aka riƙa tsintar gawar soja a gefen bindigar da ya kwance yana neman gyarawa. Kwamitin majalisa da ya bincika a 1967 ya tarar an sauya albarushin da aka ƙera ta dominsa da wani mai yawan dauɗa, aka kuma tura ta fage ba isassun kayan sharewa, wai ba ta bukata. Ku lura, jama'a, a ofis aka yanke wannan shawara, nesa da ƙarar harsashi.

Ƙanwarta M4, wadda aka karɓa a 1994, an gajarta bututunta daga inci 20 zuwa 14.5. Da aka jarraba ta cikin ƙura a 2007, ta cije sau 882 cikin harbi 60,000, alhali HK416 sau 233 kaɗai. Wani kaso na laifin kuwa na gidan harsashi ne, abin da kowa ke rainawa. Shi aka sabunta, aka kuma ƙara wa bututun kauri a samfurin M4A1 domin ya jure zafi.