Ɓacewar Tsuntsun Merja Zerga da Makomar Lakar Akanda



A watan Fabrairun 1995, a tafkin Merja Zerga da ke gaɓar Maroko, aka yi ganin ƙarshe da masana suka amince da shi na wani tsuntsun bakin ruwa mai siririn baki lanƙwasasshe, wanda suke kira Numenius tenuirostris. A 2024 masu bincike suka bayyana cewa ya ƙare, a 2025 kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin halittun da suka shuɗe. A da yana ƙyanƙyasa ne can yankin Siberiya, ya yi lokacin sanyi a kewayen Bahar Rum. A kan hanya aka busar da fadamunsa don noma, mafarauta kuma suka yi ta harbinsa. Abin da ya fi damuna shi ne, yarjejeniyar ƙasashe ta kare shi sai a 1994 aka ƙulla ta, shekara guda kafin a daina ganinsa. Hujjata ita ce, tsuntsu mai ƙaura ba ya mutuwa a wuri guda. Kowane zango yana rage masa kaɗan, kowace ƙasa tana zaton wata ce za ta riƙe shi.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye a nan unguwar Louis ta Libreville. Arewa da Libreville akwai gandun Akanda, ɗaya daga cikin goma sha uku da Shugaba Omar Bongo na Gabon ya kafa a 2002, wanda ya shiga jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a 2007. Idan ruwan teku ya janye a mashigin Mondah da ke bakin gandun, laka mai faɗi takan bayyana, kuma a nan ne tsuntsayen da suka taso daga Turai da Siberiya, har da 'yan uwan wancan da ya ɓace, suke tsintar tsutsa da ƙananan kaguwa su tara kitsen komawa gida.

Wani zai ce ai Gabon ta riga ta yi nata, tunda ta shata gandu. Amma ruwa bai san iyakar da aka zana a taswira ba. Idan aka sare itatuwan bakin teku masu saiwa cikin laka a wajen unguwar Angondjé, aka cike gurbinsu da ƙasa don gini, dattin gari da zaizaya za su gangara har cikin gandun. Wani kuma zai ce mutane na bukatar muhalli, tsuntsun Turai ba damuwarmu ba ce. Bukatar gida gaskiya ce, ban raina ta ba. Sai dai a cikin saiwoyin nan ne kifi da jatan lande ke girma kafin su kai ga komar masunci, saboda haka wanda ya cike lakar ya taɓa abincin birnin.

Mu Hausawa ma mun ga irin wannan a gida. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu, kachala ta toshe magudanai. Gauraka, da ƙwace masa mazauni da kama shi don sayarwa suka haɗu a kansa, yau da wuya a gan shi a dajin Nijeriya. Don haka nake roƙon a riƙa ƙidayar tsuntsayen Mondah kowace shekara tare da masuntan wurin, a kuma hana ba da filin gini a kan lakar da ke kewaye da gandun.